Gaisuwar 'Yar Gareji

Malama na durƙushe tana ɗaure wa wani yaro igiyar takalmi ta ji ƙarar, tas! Ba sai ta waiwaya ba. Ta san hannun, ta kuma san ƙeyar da ya sauka a kai, don kukan Lele ba ya ɓoyuwa. Siriri yake farawa kamar kukan sauro, kafin ka ankara ya cika aji.

"Sifana!"

Yarinyar na tsaye a bayan Lele, hannu a sama, baki har kunne, tana jiran wani abu da ita kaɗai ta sani. Shekarunta huɗu, gajeriya, dagwas da ita, gwiwoyi duk tabo. Sunanta na yanka yana can ofis a rubuce, amma ko ka kira shi har muryarka ta dushe ba za ta juyo ba. Babanta makanike ne, abokan aikinsa suka laƙaba mata Sifana, sunan ƙarfen kwance noti, tun tana rarrafe, sunan kuwa ya bi ta har makaranta.

"Me Lele ta yi miki?"

"Ba komai."

"To me ya sa kika talle mata ƙeya?"

Sifana ta dubi Malama kamar an tambaye ta me ya sa take shan ruwa. Da kanta ta taka zuwa jar kujerar da ke kusurwa ta zauna tana lilo da ƙafafu. Kujerar ta kowa ce, an ajiye ta ne don wanda ya yi laifi ya zauna ya huce, amma tuni yara suka sa mata suna kujerar Sifana.

Abin da ya fi cin ran Malama ba dukan ba ne. Yara sukan yi duka, su yi cizo, anjima ka gan su suna lasar alewa ɗaya. Abin da ke biyo baya ne. In Sifana ta sauko daga kujera ta nufi inda ake wasa da tubalan roba, sai ka ga yara sun tattara nasu sun matsa, kamar kaji sun hango inuwar shaho. Lokacin cin abinci tabarma takan cika maƙil, amma gefenta da gefenta fili ne. Ita kuwa sai ta ɓare ayabarta tana bin bakin kowa da kallo.

Da aka tashi, Maman Lele ta zo da farar rigarta ta aikin kantin magani. Lele ta nuna mata ƙeya tun kafin ta gaishe ta. Matar ba ta ko kalli Malama ba, ta ja 'yarta sai ofishin mai makaranta, Malama ta bi bayansu. Ba zuwanta na farko ba ke nan.

"Hajiya, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji Maman Lele. "Yarinyar nan yanzu da safe sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta zo. Da can ita ke tashina. Ko dai a cire waccan, ko in cire tawa. Kuma ba ni kaɗai ke faɗar haka ba."

Mai makaranta dattijuwa ce, ta goyi yara da yawa a wannan sana'a, ba ta da saurin yanke hukunci. Amma da matar ta fita sai ta zare tabarau ta murza idanu.

"Malama, kin ji dai da kunnenki. Na ba ki zuwa ƙarshen wata. In aka sake kawo mini kuka a kanta, zan kira uban in ba shi haƙuri ya nemi wani wuri."

"Hajiya, duk inda ta je haka za a yi mata."

"Na sani, 'yata. Amma sauran ma 'ya'yan mutane ne."

Malama ta fito ta tarar kowa ya watse, saura Sifana a bakin ƙofa rungume da jakarta. Waya ta yi ƙara. Baban yarinyar ne, yana ta ba da haƙuri, wai yana ƙarƙashin wata mota mai ita na tsaye a kansa, a taimaka a riƙe ta kaɗan.

"Bar shi, Baban Sifana, ni zan kawo ta. Dama ina son ganinka."

Sifana ce ta yi mata jagora daga inda bas ta sauke su. Garejin wani fili ne a bayan shagunan masu sayar da taya, an kafa rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Motoci a jere da bakunansu a buɗe, wata babu ƙafa an ɗora ta a kan duwatsu. Suna shiga yarinyar ta saki hannun Malama ta kwasa a guje.

Wani dogon mutum na sunkuye a kan inji. Sifana ta haye taya, ta yi ɗage, ta talle masa ƙeya da iya ƙarfinta.

"Kai! Wane ɗan banzan ne?" Ya juyo, ya gan ta, ya fashe da dariya. "Au, uwar gareji ce ta dawo! Zo nan, 'yar ƙwal uba!" Ya ɗaga ta sama, ya ɗan taɓa tata ƙeyar da yatsu biyu, tana ta ƙyalƙyala dariya har da shaƙewa.

Malama ta tsaya cak inda take. Tana kallo wani mai gyaran wayar mota ya zo wucewa da batir a kafaɗa, dogon nan ya talle masa ƙeya ya ce, "Malalaci, sai yanzu?" Shi ma ya ajiye batir ya rama, suka bushe da dariya, suka raba ruwan leda ɗaya. Can wani tsoho mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya kira Sifana, ta je ta yi masa irin ta ɗazu, ya ciro biskit daga aljihu ya ba ta. Duk wanda ta bi ta kansa sai ta buga, duk wanda ta buga sai fuskarsa ta washe.

Sai ga uban ya turo kansa daga ƙarƙashin mota, yana goge hannu da tsumma, kunya ta rufe shi.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Dogo, ba ta benci mana, goge shi tukuna! Wani abin ta sake yi ko?"

Malama ta zauna ta faɗa masa komai, har wa'adin mai makaranta. Mutumin ya yi ta murɗa tsumman nan kamar zai tsinka shi.

"Wallahi na yi faɗan har na gaji. Ran nan na ɗaga hannu zan make ta, sai ta juyo mini ƙeya tana dariya. Jikina ya yi sanyi. Uwarta a asibiti take aiki, wani lokaci da safe, wani lokaci da yamma. Tun da aka yaye ta a nan take wuni. Mun kai ta makaranta ne don ta shiga cikin yara 'yan'uwanta, ga shi kuma..."

"A gida akwai yara?"

"Ita kaɗai ce. Gidan da muke haya ma duk manya ne."

"To wa take bugu a nan?"

Ya ɗan yi tunani. "Kowa. Ban da wancan mai fentin, ba ta son shi."

Malama ta yi dariyar da ba ta shirya ba, sai kuma ta ji ƙwalla na neman zubo mata. Duk ajin nan babu wanda Sifana ta fi bugu kamar Lele. Lele mai ribon kala-kala, mai jaka da hoton kyanwa, wadda Sifana ke bi da ido tun daga ƙofa.

"Baban Sifana, 'yarka ba duka take yi ba. Gaisuwa take yi. Ƙawa take nema, ni kuma kullum ina kai ta kusurwa."

Kanikawan sun riga sun matso, don a gareji babu zancen mutum biyu. Malama ta ce musu abin da take so: daga yau, in dai yarinyar na wurin, a daina talle ƙeya. Wanda zai gai da wani ya miƙa tafin hannu, ya jira, in an miƙo masa su tafa.

Dogo ya riƙe baki. "Malama, ki yi mana rai. Wannan ƙaton kan," ya nuna mai gyaran waya, "tun muna yaran gareji nake talle shi. Yau in zo in miƙa masa hannu? Ai sai ya ɗauka jinya ta kama ni."

"Dama kana da ita," in ji mai gyaran waya. "Ni hutu na samu. Dubi ƙeyata, gashi ya daina fitowa."

"Wannan sanƙo ne na gado, kada ka laƙa mini."

Tsoho mai walda ya daka musu tsawa. "Ku ji shashashai! Yarinya za a kora daga makaranta kuna zancen sanƙo. Dogo, miƙo hannu."

Dogo ya miƙa hannu baƙi wuluk, tsoho ya tafa. Sifana na zaune a kan taya tana cin biskit, tana kallonsu kamar sun zautu.

Washegari Malama ta riga kowa zuwa. Ta ɗauke jar kujerar ta kai ɗakin ajiya. Da yara suka taru ta zaunar da su da'ira a tabarma, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta ce yau sabon wasa za a koya.

"In kana son mutum, kana so ku yi wasa, ga yadda ake yi. Ka zo ta gabansa, ba ta baya ba, don ya gan ka. Ka buɗe hannu haka. Sai me?"

"Sai ka buga!" in ji Sifana.

"A'a, sai ka jira. In ya miƙo nasa, ku tafa. In bai miƙo ba fa?"

Yara suka dubi juna, sai Malama ta ba su amsa.

"Sai ka ce, to, sai anjima. Ba faɗa ba ne. Wataƙila bai shirya ba."

Aka yi ta gwadawa bibbiyu, aji ya kaure da tas, tas da shewa. Sannan ta kawo wasan fuska: ta ɓata rai su faɗi abin da take ji, ta washe baki su faɗa, ta kwaɓe fuska kamar mai shirin kuka su faɗa. A nan ta lura da wani abu. Sifana ba ta iya wannan ba sam. Wanda ya saba zuwa ta baya, ina zai san fuska?

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Zuwa ta gaba Sifana ta koya nan da nan. Buɗe hannu ma haka. Jiran ne ya zame mata dutse. Takan miƙa hannu, in yaro ya yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, sai ta cafko hannunsa ta tafa da ƙarfi, a koma gidan jiya. Malama ta koma bin ta kamar inuwa. Da ta ga ta nufi wani sai ta durƙusa a gefenta ta raɗa mata, "Ta gaba. Buɗe. Jira. Dubi fuskarsa." In ta yi daidai, a take za ta ce, "Kun ga yadda Sifana ta jira? Sannu da haƙuri, Sifana." Yarinyar da ba ta taɓa jin sunanta a aji ba sai da tsawa, sai ta tsaya tana waige-waige ko da wata ake.

Akwai kuma bahon wanke hannu, na roba, mai kunne biyu, wanda ake ɗebo ruwa da shi daga famfon tsakar makaranta kafin cin abinci. Da can mai shara ke kawowa. Malama ta rage ruwan ta mai da shi aikin yara biyu, kowa da kunnensa, ana juyawa. Baho dai ba ya tafiya sai an daidaita ƙafa, in ɗaya ya yi gaggawa duka biyu za su jiƙe. Ta fara haɗa Sifana da yaran da ba su da tsoro, irin wani lukutin yaro da ake kira Tulu, wanda ko gini ya faɗo masa sai ya gama cin abincinsa.

Wata safiya uban ya kawo ta a babur, ya tsaya ya ce, "Malama, gareji ya zama masallaci. Jiya Dogo ya manta ya talle wani, ita ta kama shi. Ta ce, Kawu Dogo, ta gaba ake zuwa! Yanzu kowa tsoronta yake ji."

Sannu a hankali filin da ke gefenta a tabarma ya fara raguwa. Tulu ya zauna, wata ta biyo shi. Amma Lele ko kusa. Kullum da safe Sifana za ta zo gabanta ta buɗe hannu, Lele kuwa sai ta maida nata biyun baya ta kau da kai. Sifana ta tsaya, ta tsaya, sannan ta ce, "To, sai anjima," da wata murya da ke sa Malama ta juya ta hau gyaran allo.

Ana gab da ƙarshen wata layin baho ya zo kan su biyun. Malama ta so ta sauya, har ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta tambayi Lele ko za ta iya. Lele ta dubi bahon, aikin da kowane yaro ke rububi, ta gyaɗa kai.

Malama ta tsaya a ƙofar aji tana hango su. Sun taho tiƙis-tiƙis, Lele na taka ƙasa kamar mai tsoron ƙwai, Sifana na ta cije leɓe tana rage sauri. Saura kaɗan su iso takalmin Lele ya zame. Baho ya kife, ruwa ya wanke su tun daga ƙirji har ƙafa. Suka tsaya suna kallon juna, ribon Lele na ɗiga. Sai Lele ta tuntsire da dariya.

Daɗi ya kwashe Sifana. Malama ta ga hannun ya tashi ya zagaya ƙeyar Lele, ta kira sunanta, amma tazarar ta yi yawa.

Tas!

Dariyar Lele ta yanke. Bakinta ya kwaɓe, siririn kukan nan ya fara. Sifana na gabanta wannan karon, ido cikin ido. Malama ta ga murmushin yarinyar na gushewa kaɗan-kaɗan. Ta dubi fuskar Lele, ta dubi hannunta, ta sake duban fuskar.

"Kuka take," ta ce wa Malama da ta iso, kamar mai ba da labarin abin mamaki. "Da zafi ne?"

"Da zafi, Sifana."

Sai ta buɗe tafin hannu ta miƙa. Lele ba ta ko kalle shi ba. Malama ta kwashe su ta sauya musu kaya daga na ajiya, aka ci abinci, aka yi waƙa, Sifana ba ta taɓa ayabarta ba. Babu kujerar kusurwa yanzu, amma ta je inda kujerar take a da ta zauna a ƙasa, hannu a buɗe a kan gwiwa.

Har aka tashi Malama na saƙa da warwara. Ƙeyar ba ta yi ja ba. Kayan aro kuwa ruwa ne ya jawo, gaskiya ce, ana iya tsayawa a nan. Lele ma ta ware tana wasa, mai yiwuwa ba za ta faɗa ba. Sai ga farar riga a ƙofa.

"Ina kayanta?" in ji Maman Lele.

"Sun jiƙe, ga su a leda. Baho suka ɗauko ita da Sifana ya kife," in ji Malama. "Kuma ta buge ta a ƙeya. Sau ɗaya, ina kallo, ban kai gare su ba. Ta daɗe ba ta yi ba, amma yau ta yi."

Fuskar matar ta ɗaure. "Kin kyauta da kika faɗa. Zo mu je, Lele." Ta kama hannun 'yarta ta nufi ofis. Ƙofar a buɗe take, ana hango mai makaranta a kan teburinta.

Sun kai tsakiyar baranda Lele ta zame hannunta ta juyo da gudu. Ta shiga aji ta tsaya a gaban Sifana, ta dubi hannun nan da ke buɗe tun rana. Ta ɗaga nata sama, ta tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ta, ta sauke.

Tas!

"Wayyo!" Sifana ta yarfe hannu tana hura shi. "Da zafi!"

"Ai haka nake ji," in ji Lele.

Sifana ta yi nazarin wannan magana. Sannan ta sake miƙa hannun, a hankali. Lele ta taɓa shi da 'yan yatsu.

"Gobe ni zan riƙe ta wajen famfo. Ke kina sauri."

"Ba ni ba ce, takalminki ne."

"Ke ce!"

"To, ni ce."

Maman Lele na tsaye a bakin ƙofa da ledar jiƙaƙƙun kaya a hannu. Ta dubi yaran, ta waiga ta dubi ofis, ta daɗe a haka.

"Bahon nan," in ji matar daga ƙarshe, "gobe ma su za su ɗauka?"

"In kin yarda."

Ta ja dogon numfashi, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"To zan sako mata kayan canji. Lele, ɗauko jakarki mu tafi, na bar kanti babu kowa."